Zoɓon Inna a Gaban Lesa

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar, ta yi sauƙi? Yaya su Yaya Sani da yara? Mu nan Abuja sai godiya.

Inna, zoɓon gonarki ya fitar da ni kunya. Kin tuna na'urar lesa ta wurin aikinmu, mai harba haske a taƙaice, wanda ƙiftawar ido ta fi shi daɗewa nesa ba kusa ba? Da ita muke auna yadda abu ke sauya hali idan haske ya yi masa ƙarfi. Rinin gwajin da muka yi oda daga waje bai iso ba, oga ya ce zai ba wasu na'urar. Na ce a bari in gwada zoɓo. Har dariya aka yi mini.

Gwajin farko ya lalace, don hannu ya riga ya saba: na jefa citta da kanumfari kamar a gida! Na sake jiƙa shi zalla, na tace. Da hasken ya yi ƙarfi, sai ruwan ya riƙa tanƙwara shi kamar gilashin tabarau, abin da muke so rinin ya yi ke nan. Na maimaita, bai canza ba. Oga ya daɗe yana kallon kwamfuta, sannan ya ce, "Hadiza, a kasuwar Wuse kika sayo wannan?" Na ce, "A'a ranka ya daɗe, Innata ce ta noma shi."

Ki sa ni a addu'a, saura rubuta sakamakon. Ki gaida Gwaggo. In mota za ta zo tashar Utako, ki aiko mini da wani zoɓon. Waɗanda suka yi dariyar ne yanzu ke roƙo.

'Yarki,
Hadiza