Kawu, a aiko mini da duwatsu

Zuwa ga Kawu Cha'ibu a Iferwan,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna Hindu da yara. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Hawandawaki alhamdu lillahi, Inna ta fara tashi tana zagaya tsakar gida, sai dai ƙafar ba ta gama saki ba.

Kawu, ina cikin damuwa. Lokacin da na bar jami'a na zo jinyar Inna a asibitin Tasawa, a lokacin aka yi darasin duwatsun da ke samuwa daga narkakken dutse na cikin ƙasa. Abokan karatuna sun riƙa su da hannu, ni ban gani ba, na faɗi jarrabawar. Mushe, malaminmu, ya ce dama ɗaya ta rage mini bayan kaka: zai jera duwatsu a tebur, in faɗi sunan kowane da yadda ya samu. Baba kuwa ya ce in na sake faɗuwa, karatun ya ƙare, in dawo gida.

Littafin na haddace shi. Narkakken dutsen da ya huce a hankali cikin ƙasa, ƙwayoyinsa manya ne, shi ne granit. Wanda ya fito waje ya huce da sauri, baƙi ne, ba a ganin ƙwayarsa, shi ne bazalt. Amma littafin nawa fotokofi ne, hotunan duka baƙi ƙirin. Ka san ƙasarmu, rairayi ne ko'ina. Na bi gonaki har bakin gulbi, sai marmara. Har dutsen niƙan Kaka Tanna na wanke na duba, ashe shi ma yashi ne ya dunƙule. Ta tambaye ni ko lafiya nake kuka a kan dutse.

Ku kuna zaune cikin duwatsun nan. Don Allah ka tsinto mini kamar dunƙulen hannu, mai dabbare-dabbare da baƙi, duk irin da ka gani, ko ba ka san sunansa ba. Ka ba Misbahu direba in zai sauko Tasawa. Kada ka ji kunyar aiko dutse a buhu, Kawu, ba ni da wani sai kai.

Ka gaishe da Inna Hindu, Rabilu da Hafiza. Inna na gaishe ka.

'Yarka mai jiran mota,
Mardiya