Ruwan da Na Yanke wa Hukunci

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Godiya ta tabbata ga Allah da ya saukar da ruwa ya raya ƙasa da shi, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Don kaina nake wannan rubutu. Wanda ya tsince shi bayan ba ni, ina yi masa sallama, ya kuma yi mini uzuri.

Tun da na zo wurin ɗana Zulkiflu a Bukit Jalil, can ƙasar waje inda yake karatu, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ba a kawo mini shari'a irin ta yau ba. 'Yarsa Khaulah, mai shekara goma sha biyar, ta shiga wata ƙungiyar 'yan sa kai a bakin kogi. Da safe su kwashe shara, da hantsi su koya wa yara tuƙa ƙananan jirage masu tafiya da iska. A tsakiyar watan gobe za su yi bikin shekara, kuma za a ba ta jirgi ita kaɗai. Hafsatu, mahaifiyarta, ba ta so. Zulkiflu kuwa karatun digiri na uku ya cinye shi, ba shi da sauran ƙarfin gardama. Ya ce, "Baba, abin da ka yanke shi ne. In ka ce ta bari, ta bari ke nan."

A zuciyata na riga na yanke. Me ya haɗa 'ya mace da tsakiyar ruwa? Amma ba a hukunci a kan abin da ido bai gani ba. Na ce zan bi ta in duba.

Yarinyar dama ba ta cika ce mini komai ba. In na yi mata Hausa ta amsa da Turanci, kuma Atuk take kira na, wato kaka da harshen mutanen nan.

Laraba, 9 ga Oktoba

Karatun ɗalibai bayan magariba a masallacin bene. Muna babin tsarki. Abdulbasit, wani ɗan Haɗeja mai digiri na biyu, ya yi tambaya a kan tsohon mus'hafin da ya zo da shi daga gida, wanda danshin ƙasar nan ya cinye har ganyayensa suna zuba. Na ce malamai sun ambaci hanyoyi: a binne a wuri mai tsarki, ko a ƙona, ko a sa a ruwa mai gudu.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, a hawa na ashirin nake, ina zan haƙa rami? In kuma na kunna ashana ƙararrawar gobara ta tashi, sai dai a ji labarina."

Aka yi dariya. Na ce to ai Allah ya hore wa garin nan koguna. Muka wuce gaba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je. Jirgin ƙasa, sannan motar haya. Wurin yana inda wani reshen kogi ya buɗe ya zama tafki, an ce tsohon ramin haƙar kuza ne. Rumfar kwano, jirage a kife, da ɗan ɗakin salla mai tsabta.

Shugabansu dattijo ne sa'ana, Pak Cik Roslan, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. Muka gaisa da guntun Larabcinsa da guntun Turancina. Mai koyar da tuƙi wata Basiniya ce, Madam Siew, mai murya kamar ta mai shela. Na zo kallo, amma kafin in ankara ta miƙo mini safar hannu ta roba ta ce, "Uncle, boleh?" wato ko zan iya. Khaulah ta sunkuyar da kai don kunya. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙi ba da harshensu.

Sun gitta wani shinge na ganguna masu iyo a bakin tafkin, shi ke tare abin da kogi ya kwaso daga cikin gari. Masu jirgi su jawo, mu na tudu mu rarrabe: roba nan, kwalba nan, ƙarfe can. Na ga takalmi, na ga kan fanka, na ga mushen kyanwa.

Da azahar wani yaro ya tambaye ni ko ana alwala da ruwan. Na duba. Launinsa ya jirkita, warinsa ya jirkita, ɗanɗano kuwa ban nemi sani ba. Na ce bai halatta ba. Shekara arba'in ina karantar da wannan mas'ala a zaure, yau na gan ta tana gudu a gabana.

Abin da zan faɗa don adalci: suturar yarinyar cikakkiya ce, da ɗankwali mai kama kai a ƙarƙashin hula. Kuma da aka kira salla an jawo jirage.

Wannan bai canja komai ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayana yana ciwo. Hafsatu ta ce, "Baba, ka gani ko?" Na ce ban gama gani ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na koma. Pak Cik Roslan ya kawo shinkafa a naɗe cikin ganyen ayaba daga Kampung Baru, unguwarsu. Ya ce yana yaro ana wanka a kogin da ya ratsa bayan gidansu, mahaifinsa a nan yake alwalar asuba. Na tambaye shi ko yana tsammanin ruwan zai koma haka. Ya yi dariya ya ce ba a idonsa ba. To don me? Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ustaz, kai ka ga duk ɗalibanka sun zama malamai?"

Na kalli Khaulah a kan ruwa. Igiya a hannu ɗaya, sandar juya jirgi a ɗaya. Ba ta ja da iska, karkata mata take yi har ta kai inda take so. A gida tafiya take kamar mai neman gafarar bango. A can har tsawa na ji ta yi wa wani yaro da ya tare mata hanya.

Ban iya ruwa ba. Ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan ba. Ina tambayar kaina, cikin abin da na kira kishin addini, kashi nawa ne tsoron ɗan Kano da bai taɓa wuce gwiwa a kududdufi ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Innalillahi.

An kwana ana ruwa, shinge ya cika har ya lanƙwasa. Ina tsugune ina rarraba kwalabe na ji Madam Siew ta ƙwala ihu. Na ɗaga kai, na ga jirgin Khaulah a kife, zanen da ke kama masa iska shimfiɗe a kan ruwa, babu ita. Ban san abin da na faɗa ba. An ce sunan kakarta marigayiya na kira.

Sai ga kanta ya ɓullo, rigar ceto ta ɗago ta. Amma da hannu ɗaya take iyo. Ɗayan yana sama, ta ɗaga wani ƙunshi a leda, ta ƙi sauke shi ko da ruwa ke shiga bakinta. Madam Siew ta je da jirgi mai inji tana faɗa, wai ta saki ta kama igiya. Ta ƙi. Sai da aka fara karɓar ƙunshin sannan ta yarda aka jawo ta.

Ta zo gabana tana tari, tana ɗigar wannan ruwa. Ta miƙo mini da hannu biyu. Ta ce, da Hausa, "Atuk, irin naka ne."

Ashe baƙaƙen rubutu ta hango ta cikin ledar, ta miƙa hannu fiye da kima, jirgin ya juye.

Na kwance. Ganyayen mus'hafi ne, bugun gida, rubutun warash mai kauri irin wanda na yi hadda da shi. Mutanen nan ba sa karatu da irinsa. An naɗe shi a ƙyallen shadda da ya zame ta gefe ɗaya, an sa a leda biyu an ɗaure tam, don girmamawa. Ɗaurin ne ya hana shi nutsewa, ya taso ya zo ya tsaya tsakanin ƙunzugun jarirai da mushe.

Ban buƙaci a gaya mini daga inda ya fito ba. Daga bakina ya fito. Ruwan da na ce bai cancanci gaɓoɓina ba, ni na aika masa da maganar Ubangijina, kwana uku kafin in gan shi, ana dariya.

Pak Cik Roslan ya matso. Ya kawo tawul mai tsabta ya shimfiɗa a kan tebur, muka jera ganyayen ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce akwai wurin da hukumar addini ke karɓar irin wannan a ƙona da mutunci, zai kai ni.

Litinin, 28 ga Oktoba

Zazzaɓi da ciwon ciki. Likita ya ce ruwan da ta sha ne, ya ba da magani. Hafsatu ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina, abin da ba ta saba ba. "Baba, don girman Allah ka yi magana. Ita kaɗai gare ni mace."

Gaskiya ta faɗa. Duk hujjar da na je nema yau tana hannuna, har ta yi yawa. Kalma ɗaya ce ta rage, kuma ta ƙi fita.

Laraba, 30 ga Oktoba

A karatu na rufe littafi na ce ina da gyara. Na ce hukuncin da na ba su daidai yake a takarda, kuskure ne a wannan gari, domin ruwan da malamai suka nufa mai tsarki ne, ni kuwa na ba da fatawa a kan kogin da ban taɓa tsayawa a bakinsa ba. Ban ambaci sunan kowa ba. Abdulbasit ya tona kansa da kuka.

Bayan an watse ya biyo ni. "Wallahi Malam daga kan gada na sa shi, da bisimilla. Ban leƙa ƙasa ba."

Na ce nima ban leƙa ba, kuma ni ne babba. Na ce in yana neman kaffara akwai safar hannu ranar Asabar.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Ta warware. Na shiga da shayi na zauna a bakin gadonta. Na tambaye ta yadda ta gane rubutun. Ta haɗa Hausa da Turanci ta ce kullum da asuba tana jin ina karatu, wani lokaci takan leƙa ta bayana. Ni ina zaton barci take.

Na ce, "Kin san kin kusa halaka? Rai ya fi takarda, ko wace iri ce. Wannan ma hukunci ne."

Ta ce, "Na sani lah, Atuk. Amma da kai ne, za ka bari?"

Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ni kaɗai na je, ita tana hutawa. Abdulbasit ya zo da abokai biyu da fararen takalma, Madam Siew ta yi musu dariya har da riƙe ciki. Ta ce mini ta hana Khaulah jirgi na mako guda, horon ƙin kama igiya, kuma sai ta sake gwajin kifewa da tashi kafin biki. Na ji daɗin wannan tsanani fiye da yadda na nuna.

Da za mu tashi Pak Cik Roslan ya nuna mini wani tsuntsu mai shuɗin baya a kan gangar shinge, da ɗan kifi a baki. Ya ce shekarun baya ba a ganinsa a nan. Kifi ɗaya ba ya mai da ruwa mai tsarki. Na dai daɗe ina kallo.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Zulkiflu ya ce, "Baba, jibi ne fa. Me ka yanke?" Na ce ya gaya wa Hafsatu ta dafa abinci da yawa, ɗalibai za su zo, kuma ta zo da kanta ta gani, kada ta yi irin tawa. Ya tsaya yana jiran sauran. Babu saura.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An yi biki. Hafsatu ta zo, ta zauna a rumfa da carbi, rabin lokacin idonta a rufe.

Pak Cik Roslan ya ce jirgin da ke bin yara don tsaro yana da wurin mutum ɗaya. Na ce daga tudu ma ana gani. Ya ce daga tudu ake fatawa. Dattijon banza! Aka ɗaura mini rigar ceto a kan jallabiya, Abdulbasit ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, na harare shi ya mayar aljihu.

Ban saki gefen jirgin ba tun daga tashi har dawowa. Na karanta duk abin da na sani na addu'ar hawa, na maimaita. A tseren jiragen Khaulah ta zo ta huɗu cikin bakwai. Da ta kewayo tuta ta ƙarshe ta wuce dab da mu, ta ɗaga murya ta ce, "Atuk, riƙe da kyau!" Jama'a suka ji, waɗanda suka san Hausa suka yi dariya.

Ban ce na yarda ba. Babu wanda zai ce ya ji na faɗa. Hukuncin ruwan ma yana nan yadda yake: na ɗebo da tafin hannuna a tsakiyar tafki na duba, har yanzu ba a alwala da shi.

Safar hannun da Madam Siew ta ba ni ta yage a babban yatsa. Na biya kedai, wato shagon ƙasan bene, na sayi sabuwa. Biyu na saya, don ta fi araha a haka.

Ya Allah, ka tsare yarinyar nan a tudu da ruwa, ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta, ka gafarta wa malamin da ya yi magana kafin ya duba. Wanda ya karanta wannan, Allah ya shayar da shi ruwa mai tsarki a duniya da lahira, ya sa ya bar wa na bayansa wanda ya fi wanda ya tarar. Amin.