Ciyawar Auta da Korar Baba Dogo

Auta,

Bayan gaisuwa, ya aiki? Nan kam ba lafiya. Ciyawar da kika sa na kafce makiyayar mahaifinmu na shuka, wadda kika ce akwai wata funfuna a cikinta mai korar ƙwari, to ƙwarin sun cinye ta ƙarƙaf. Jiya na ja tushe ɗaya, ya biyo hannuna ba saiwa, ƙasan duk tsutsa. Shanu talatin sun zuba min ido.

Baba Dogo, makiyayinmu, shi ya ɗauko buhunan irin, shi ya shuka. Na tabbata musanyawa ya yi. Na sallame shi a gaban masu tatsa. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ga ganyen a ambulan, ki gwada a wurin aikinku na binciken iri.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Innalillahi! Baba Dogo fa? Mutumin da ya goya ka a bayansa?

Sau uku na duba ganyen. Funfunar tana ciki, irin namu ne, ba wanda ya musanya komai. Da na koma kan takardunmu sai na ga ashe duk gwajin a ɗaki mai ɗumi muka yi shi. Na kai tukwane shida na ciyawar ɗakin sanyi. Cikin sati uku ɗacin da funfunar ke sa wa ganye ya ragu, ƙwari suka hau ci. Sanyin da kuka sha bana ne ya jawo. Ban gwada ba na ce ka shuka. Laifina ne. Don Allah ka neme shi.

Ƙanwarka

Auta,

Fatan kina lafiya. A tsaye na fara karanta wasiƙarki, ban san lokacin da na zauna kan bokitin tatsa ba. Na je gidan 'yar Baba Dogo, inda ya koma. Ta tare ƙofa ta ce, "Ya ce in ka zo a ba ka ruwa, amma ba zai fito ba." Na sha ruwan, na bar masa wasiƙarki da roƙon ya dawo. Ki sa mu a addu'a.

Yayanki

Ɗana,

Ina gaida ka. An karanta min. Akwai fili can bayan tudu da ban kafce ba, ban kuma gaya maka ba. Tsohuwar ciyawa na nan, za ta riƙe shanun wata guda. Ka ce wa Auta ta kwantar da hankalinta. Na yafe, amma maganar dawowa kada ka sake aiko ta.

Baba Dogo