Abin da Ke Cikin Turmin Kawu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigidan da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Yaya, na gano abin da ya kashe Autana. Bayan an watse zaman makoki na je wurin Kawu in mayar masa da kwalaben maganinsa. Ban same shi a rumfar da yake ganin marasa lafiya ba, sai na ɗaga labulen ɗakin baya. Na tarar da matarsa tana ɓare ƙwayoyin asibiti farare daga ledarsu, tana zubawa a turmin da ake daka sassaƙe. Da ta gan ni sai ta ja zani ta rufe turmin.

Kin tuna Kawu ne ya sa na jefar da abin shaƙar da likita ya ba yaron saboda asma. Ya ce maganin asibiti da nasa ba sa zama ciki ɗaya. Muka koma kan garin maganinsa, kumatun Auta suka cika, kowa na yi mini barka. Ni ma har tsokanarsa nake, ina ce masa mai kumatun alhazai. Da Kawu ya yi tafiya maganin ya ƙare, yaro ya zube. Da muka kai shi asibiti, likitar da ta karɓe shi ta yi ta tambayata wace ƙwaya nake ba shi, ni kuwa ina rantsuwa saiwa ce kawai. Ta ce da ta sani da wuri, da ta san abin yi.

Kada ki ce in bar wa Allah. Ƙanen Inna ne, na sani. Auta kuma ɗana ne.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Maman Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na kuma ji nasiharki. Ki yafe mini, ban ɗauka ba.

Na kankare ragowar garin daga gindin gwangwani na kai wa likitar. Aka auna, abin da na gani shi ne. Ta ce ƙwayar ce ke kumbura kumatu, kuma idan aka yanke ta farat ɗaya tana iya kisa. Yanzu kullum da safe nakan ɗauki kujerata in zauna daura da ƙofarsa, da hoton Auta a cinyata. Ba na zagi, ba na ihu. Duk uwar da ta zo da yaro sai in nuna mata kumatun nan, in gaya mata inda suka kai shi. Wasu su yi tsaki su shige, da yawa su juya. Bencinsa ya fara tara ƙura.

Jiya ya fito da kansa, ya durƙusa gabana yana kuka, wai ya goya ni ina ƙarama, wai taimako ya nufa. Na dube shi, Yaya, na nemi tausayi a zuciyata na rasa. Inna ta daina amsa gaisuwata. Wannan yana ci mini rai, amma gobe ma zan fita.

Ƙwayoyin da hatimin asibiti a jikinsu. Akwai wanda yake fito masa da su daga ɗakin magani, kuma har yau ban san ko wane ne ba.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Maman Auta