Matar Maigidana Ta Sa Ni a Littafinta

Zuwa ga Kawu Ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar taka, yaya su Inna da yara? Mu ma nan Riyad alhamdu lillahi.

Kawu, wani abu ne ya ɗaure mini kai. Matar maigidana, wadda nake tuƙawa, ta rubuta littafin tarihin rayuwarta. Ita ta buga abinta, ita take talla, kullum muna yawo da kwalayen littafin a but ɗin mota. Addinin Buddha take bi. Kowace safiya takan harɗe ƙafa ta rufe ido ta yi tsit.

Shekaranjiya ta nuna mini sunana a ciki. Wai ranar da na tsaya a gefen titin Al-Naseem na yi la'asar, motoci na ta wucewa ban ko waiga ba, ta ga natsuwar da ta daɗe tana nema. Ta ce, "Habu, kai ne malamina." Na ce, "Madam, ni salla kawai na yi." Wallahi Kawu, a sallar ma fargabar kada a ja motar nake.

Yanzu tana so in zauna kusa da ita a bidiyon tallar. Ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, a hannun mijinta take, kuma ba ta taɓa ɓata mini ba. In na yarda, addininta na tallata ko nawa? Na ce mata sai na ji daga bakinka.

A sa ni a addu'a. A gaida Inna da Hajara.

Ɗanka,
Habu