Madubin da Aka Wanke da Toka

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga yayana Japhet,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargida Theresa, ina kuma roƙon Allah ya sa gwiwar nan da ke damunka duk lokacin ruwa ta yi sauƙi, ya tsare ku a bakin aiki can Fatakwal. Mu nan gida sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke korar awaki daga shanya, ba ta yarda kowa ya iya ba. 'Yata Saloma ta warke daga zazzaɓin da ya kwantar da ita. Dawa ta yi kyau bana a gonar bayan dutse, in tsuntsu ya bar mana. Kasuwar kwanuka kuwa ka san ta, sai an yi biki ake tunawa da mu.

Kafin komai bari in taya ka murna da abokinka Philip, shugaban makarantar ƙauyenmu inda 'yarka Rachael ke koyar da kimiyya. Yaya, ka iya zaɓen aboki. Na daɗe a kasuwa, na ga masu riƙon amana iri-iri, amma ban taɓa ganin irinsa ba. Mutum ne da in ka ba shi ajiyar ƙwai, ko kaza ba zai bari ta kwanta a kai ba, don kada ta ɓata maka shi da ƙyanƙyasa. Saboda wannan hali nasa mai kyau ne na zauna rubutu maimakon in kira ka a waya, inda da na fara za ka ce layi ba kyau. Karanta har ƙarshe, don maganar ta shafi ran 'yarka.

Farkon damina wata ƙungiya mai taimakon makarantu ta kawo musu akwatunan kayan koyon kimiyya. Akwai maganaɗisu, da batura da wayoyi da ƙananan ƙwayayen fitila, da sikeli, da kofunan gilashi masu lambobi a jiki, sannan uwa-uba madubin nan irin na asibiti da ake leƙa ƙananan halittu da shi. An yi taro, an yi rawa, ni ma ina wurin a matsayina na ɗan kwamitin iyaye. Wadda ta kawo kayan, wata Malama Khairat, ta faɗa da bakinta da Hausa tsantsa cewa kayan na yara ne, su taɓa, su gwada, in ya fashe ma ba laifi. Kowa ya tafa. Shi Philip ya ɗauka irin maganar mai gida ce da ke ce wa baƙo gida naka ne, wadda ba wanda ke ɗaukar gatari ya fara sare bishiya saboda ita. Motarsu na juya baya ya kira kafinta, aka yi masa kabad mai gilashi a ofis, ya jera kayan a ledarsu kamar jeren amarya. Ni da ke sayar da kayan jere na yaba tsarin, ko uwar amarya sai haka. Ranar Juma'a a kan jero yara su wuce ta gaban kabad ɗin hannu a baya, ya nuna musu da tsinke ya faɗi sunan kowane abu, su maimaita, su fita.

Don kada in zalunce shi, yana da dalilinsa. Wata makaranta da aka taɓa ba irin waɗannan kaya, ba a yi nisa ba suka ɓulla a kasuwa. Maƙwabcina Muntaka mai maganin feshi har gobe da irin wannan kofi mai lambobi yake auna wa manoma, yana cewa bai taɓa samun ma'aunin da ba a yi masa gardama a kai ba sai shi. Philip ya ga wannan, ga shi kuma ya kusa ritaya, babban tsoronsa a duniya a kira shi ɓarawo a ƙarshen aiki.

Ita kuwa Rachael ka san jininka. Ta roƙe shi, ta sake roƙo, yana ce mata ta zana musu a allo kamar yadda aka koya wa iyayensu. Sai tafiya ta kama shi zuwa Birnin Kebbi, ya bar mata makulli don ta riƙa share ƙura. Ta share, ta kuma kwashi kayan ta kai aji. Abin da aka ba ni labari, yaya, ranar an kaɗa ƙararrawar tashi ba wanda ya motsa. Sun ja maganaɗisu cikin yashin rafi sun ga baƙin ƙarfe na manne masa kamar gemu. Sun haɗa waya da batir fitila ta kama a tafin hannunsu. Ta ɓare fatar albasa ta sa a madubi, yara suka ga ɗakuna-ɗakuna a jere kamar ginin bulo, har wasu iyaye mata da suka zo neman 'ya'yansu suka shiga layi su ma. A cikin wannan turereniya kofi ɗaya ya faɗi ya fashe. Da Philip ya dawo ita da kanta ta je ta faɗa masa, ta kai masa fasassun a takarda, tana ce masa Baba kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

Bai yi mata faɗa ba, wannan ne ya ruɗe mu. Ya karɓi makullinsa, ya ce ta dakata da shiga aji. Bayan kwana biyu sai ga shi a rumfata yana neman kofi mai lambobi. Na baje masa duk gilashin da nake da shi, daga na shayi har na masu fure, na ce masa irin wancan sai dai ya roƙi Muntaka. A nan ne, yana juya kofin shayi a hannu, ya ce mini ya riga ya kai ƙara ofishin ilimi cewa malamar kimiyya ta taɓa kayan amana ba izini ta yi ɓarna, ya nemi a ɗauke masa ita. Ya ce gara ofis ya ji daga bakinsa kafin ya ji daga bakin masu kayan. Na ce masa 'yar Japhet ce fa. Ya ce ai shi ya sa bai kira 'yan sanda ba.

Ana nan sai ga Malama Khairat ba sanarwa. Philip ya tarbe ta da fara'a, ya kai ta gaban kabad yana jiran yabo. Matar ta tsaya tana kallon leda ko yagewa ba ta yi ba, domin ya mayar da komai yadda aka kawo. Ta tambaya ko yara sun taɓa amfani da su, ya bugi ƙirji ya ce ko yatsa ba wanda ya ɗora. Sai ta ce masa to in ta dawo ta same su haka, za ta kwashe ta kai wata makaranta wajen Mahuta inda ake roƙonsu. Ka ga inda mutum mai hankali zai aika a kira Rachael ya ce 'yata yi haƙuri. Abokinka bai yi haka ba. Ya rufe ofis, ya yayyage ledoji, ya kanga gindin kofuna a kan fitilar kwano suka yi baƙi, ya birkiɗa wayoyi cikin ƙasa. Mu a kasuwa aikinmu mu mai da tsoho sabo, ban taɓa ganin wanda ya yi gumi yana mai da sabo tsoho ba sai a kansa. Da ya zo kan madubin ya ga ya cika sheƙi, sai ya samo toka da ɗan yashi da soso, ya dirje shi yadda ya ga matarsa na yi wa tukunya, ciki har da idon da ake leƙawa.

Da ranar dawowarta ta matso ya tuna cewa kaya masu datti ba sa koyar da kansu. Ya aiko a ce wa Rachael ta zo ta yi darasi gaban baƙuwa. Na ce mata kada ta taka ko'ina sai ya janye ƙararsa, ciniki tun kaya na hannunka ake yinsa. Ta ce ita ba don shi za ta je ba, in aka kwashe kayan yara ne suka yi asara. Na ce ke kika sani, na sa hulata na bi ta.

Aji ya cika, mu 'yan kwamiti muna tsaye a baya. Maganaɗisu ya yi aikinsa, fitila ta kama, Malama Khairat na murmushi, Philip na gyaɗa kai kamar shi ya ƙera su. Sai aka zo kan albasa. Rachael ta sa ido, ta juya maɓallin, ta sake juyawa, ta goge da gefen gyalenta, ta sake leƙawa. Yaran da suka riga suka san abin da za su gani sun taso sun yi layi, ita kuwa ta kasa ɗago kai. Baƙuwar ta zo ta leƙa, ta cire idon madubin ta ɗaga shi wajen taga, duk muka ga ya yi fari fat da karce, har da toka maƙale a gefe. Garin neman gira an rasa ido. Ta tambayi wanda ya yi wannan. Philip ya yi gyaran murya ya ce ai ta san hannun yara, kullum suna kansa, dole ya ji jiki. Matar ta juya ta tambayi Rachael ko haka ne.

Yaya, na ji tsoro a wurin, don ko ta ina ta bi akwai rami. Ta dubi Philip, ta dubi yaran, ta ce, "Sau ɗaya yaran nan suka taɓa shi, kuma lafiya lau suka bar shi. Wannan sau ɗayan ne ya sa yanzu nake zaune a gida." Ba ta ambaci toka ba, ba ta kira sunan kowa ba, amma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya fita daga ajin bai ko ɗauki hularsa ba.

Malama Khairat ta yi abin da za ta iya. Ta bar kayan, ta ce za ta kawo wani madubin ta damƙa a hannun Rachael, muddin Rachael na makarantar. Amma ta faɗa mana gaskiya cewa su baƙi ne masu kawo kaya, ba su da ta cewa a kan wanda ofis ya ɗauka ko ya ajiye. Ofis kuwa ya riga ya yi aikinsa. Takardar canjin wurin aiki ta fito, an tura 'yarka wani ƙauye can bayan Ribah, inda mota ba ta zuwa, masu babur ma sai sun tambayi labarin hanya kafin su tashi. Malamin da ke can kafin ita ba canza shi aka yi ba, gudowa ya yi ya bar katifarsa. An ce da an dawo hutu ta kama aiki. Na ce ta ajiye aikin ta zo ta zauna mini a rumfa. Ta ce ba ta yi karatu don ta sayar da kwano ba, kuma can ma akwai yara. Ta riga ta fara ɗaure kayanta, Saloma na kwancewa tana kuka, ita tana sake ɗaurewa. Inna ba mu gaya mata ba tukuna.

Na je ofis. Wanda na samu ya ce abin ba wuya, wanda ya kawo ƙara ya zo da ƙafarsa ya ce ya yi kuskure, su soke takardar. Na je gidan Philip, ya sa aka ce mini yana barci, ina jin rediyonsa. Fasto ya je, ya ce masa magana ta bar hannunsa. Da na tare shi a hanyar majami'a sai ya ce mini shi yarinyar ba ta yi masa komai ba, amma bayan abin da ya faru a ajin nan idonsa ba zai iya kallon mutanen ofis ya ce ƙarya ya yi ba. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Saura kai. Kun yi golmo tare, noman neman aure, ka nome gonar surukinsa har hannunka ya fashe kafin a ba shi matar da ke gidansa yau, shi ma ya nome ta naka. Duk ƙasar nan an san mutum na iya juya wa fasto baya, ya juya wa ƙanin abokinsa baya, amma ba ya juya wa wanda suka sunkuya a kunya ɗaya. Ka kira shi. Kada ka yi masa muryar barikin soja, in ka tsorata shi ƙara shigewa rami zai yi. Ka roƙe shi, ka ba shi hanyar da zai fita da sauran mutuncinsa, ko da za ka ce yarinyar ce ta yi wauta. In waya ba za ta yi ba ka nemi izini wurin aiki ka hau mota, hutun ba shi da tsawo.

Ka gaishe mini da Theresa, ka kuma san yadda za ka gaya mata. Ka gaishe da 'yarka Dinah da maigidanta, da maƙwabciyarku Hajiya Asama'u da ta yi mana karamci lokacin da muka zo. Inna na gaishe ka, Saloma na gaishe ka, Muntaka ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Rachael ba ta san na rubuto ba. Allah ya tsare mu gaba da baya, ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙaninka,
Dominic

Af, tun kafin ka buɗe baki na san abin da za ka ce, cewa kai tsohon soja ne, bakinka bai saba roƙo ba. Shi ma ya ce idonsa bai saba jin kunya ba. To tsakanin idonsa da bakinka, yaya, wanne ne ya fi yarinyar tsada?