Gefen Hoton Inna

Malama Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina taya ki murna, boko ya yi rana! Mijinki ya biyo ta rumfata yana ta yabon wani littafi da kika haɗa, wai sikirabbuk. Ni da na tsaya aji huɗu ban san akwai ilimin da ake yi da almakashi ba. Hoton marigayiya Inna ɗaya tak muke da shi, wanda aka ɗauke mu mu uku a ƙofar rumfa. Aron sati biyu na ba ki. Ya ce kin yanka shi. Ki ce mini ƙarya yake.

Yayarki mai yadi.

Yaya,

Ina gaishe ki, ya kasuwa? Wallahi ba ɓarna ba ce. Sikirabbuk littafi ne mai fararen shafuka da ake manna abubuwan tunawa: hoto, guntun wasiƙa, ƙyalle, a yi bayani a ƙasa. Har ƙyallen ɗankwalin Inna na sa. Hoton ne ya fi shafin faɗi, sai na rage gefe. Dama a gefen nan kin juya kai kina kiran mai saye, ba ki fito da kyau ba.

Ki huta lafiya,
Ƙanwarki.

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ashe ni ce gefen! Da wannan kiran mai sayen aka ɗinka miki rigar makaranta, marar kunya. Ni ma yanka nake kullum, amma ban taɓa sa almakashi a yadin mutum ban tambaye shi ba. Ki aiko mini da kaina, ina da gam.

Yayarki.

Yaya,

Barka da war haka. Guntayen sun bi shara tun ranar. Gam ɗin kuma ya kama, in aka ɓanɓare, fuskar Inna za ta yage. Ga littafin nan, ki riƙe. Ki yafe ni.

Ƙanwarki.

Auta,

Ya iso, sannu da aiki. Na ga kin rubuta a ƙasa, "Inna da autarta." Sai dai almakashinki ya manta yatsuna huɗu a kafaɗar Inna. In jikoki suka tambaya hannun wane ne, aljani za ki ce musu?

Ki gaida mijinki.